Gwaninta da Daɗin Yi: Nazari a Kan Matsayin Aikin Hannu a Rayuwar Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tambayi mai sana'a dalilin da ya sa yake sana'arsa, amsar da zai fara ji ita ce neman abin sakawa a bakin salati. Wannan amsa gaskiya ce, kuma a kanta ɗalibai suka saba tsayawa idan an ba su aikin nazarin sana'o'in gargajiya. Akan lissafa kayan aiki, a bayyana yadda ake yi, sa'an nan a rufe da amfanin sana'ar ga tattalin arziki. Amma akwai abin da neman abinci kaɗai bai isa ya bayyana shi ba. Riga ba ta buƙatar aska takwas kafin ta suturta mai ita. Ƙwarya ba ta buƙatar zane kafin a dama fura a cikinta. Haka nan bango ba ya buƙatar dagi kafin ya tsare gida. Duk da haka Bahaushe ya ɗinka askar, ya zana ƙwaryar, ya fitar da dagin, ya kuwa kashe kwanaki da watanni a kan haka.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan ƙari da mai sana'a yake ɗorawa a bisa buƙata, domin a ga abin da yake nunawa game da yadda Bahaushe ya ɗauki rayuwa. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, daɗin da mutum yake ji idan wani abu ya fito daga hannunsa yana cikin manyan abubuwan da Bahaushe yake auna cikar mutum da su. Za a nemo hujja daga harshe, da wasannin yara da ayyukan mata, da kuma sana'o'i uku, watau rini da ɗinki da gini.

2.0 Shaidar Harshe

Harshe shi ne rumbun tunanin masu shi, saboda haka daga nan ya kamata a fara. Idan Bahaushe ya tarar da mutum yana aiki yakan ce masa, "Sannu da aiki," shi kuwa ya amsa, "Aiki da godiya." Abin lura a nan shi ne, mai aikin bai jira ya karɓi lada ba kafin ya yi godiya. Samun aikin da ikon yin sa su ne abin godiyar.

Ta ɗaya gefen kuma, a dubi sunayen da ake kiran wanda ba ya yin kome. Akan ce masa rago, ko malalaci, ko cima-zaune, ko zauna-gari-banza. Mafi nauyi duka shi ne a ce zuciyarsa ta mutu. Mai matacciyar zuciya yana ci yana sha yana yawo, wani lokaci ma gidansu da wadata, amma an ɗauke shi tamkar wanda wani sashe nasa ya riga ya rasu. Idan rashin yi mutuwar zuciya ne, to, ashe yi shi ne rayuwarta. Masu iya magana sun kai abin har inda suka ce da zaman banza gara aikin kishiya, alhali kuwa an san babu aikin da ya fi wannan ɗaci ga mace.

Har ila yau, kalmomin sana'a sun ratsa cikin zancen yau da kullum, har ba a lura da asalinsu. Wanda tunani ya dame shi yana saƙa da warwara. Mai sulhu yana ɗinke ɓaraka. Mai hujja yana gina magana. Mutumin da Allah ya kyautata surarsa akan ce yana da kyan ƙira. Mai horon yara akan tuna masa cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai jinkiri kuwa a ce masa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ko kuma tun ran gini tun ran zane. Wannan karin magana na ƙarshe yana da muhimmanci ga wannan nazari, domin ya haɗa ginin tukunya da yi mata ado a rana ɗaya, tun yumɓu bai bushe ba. A wurin maginiya ado yana cikin aikin tun farko.

Sai kuma kalmar gwani. Ba duk mai sana'a ake kira gwani ba. Ma'aikaci yana iya cika aikinsa ba aibu, amma gwani shi ne wanda idan an ga aiki za a gane hannunsa tun ba a faɗi sunansa ba. Da wannan kalma ake kiran magini da maɗinki da makaɗi, kuma da ita ake kiran wanda ya ƙware a haddar Alƙur'ani mai girma. Tara waɗannan duka a ƙarƙashin laƙabi ɗaya yana nuna irin darajar da aka ba ƙwarewa, kowace iri ce.

3.0 Yin da Ba a Biyan Lada

Mai musu yana iya cewa ado dabarar kasuwa ce kawai, tun da riga mai aiki ta fi wadda ba ta da shi tsada. Akwai gaskiya a cikin wannan. Amsarsa ita ce a duba wuraren da ake yin abu babu ciniki ko kaɗan.

Wuri na farko shi ne dandalin yara. Da damina yaro yakan kwaɓa laka ya gina doki da mahayinsa, ya shanya a rana. Da kaka ya fere karan dawa ya haɗa mota, har da tayoyi da mazaunin direba. Yaran birni sukan yi tasu da gwangwani da langa-langa. 'Yan mata kuma suna tuwon ƙasa, suna yi wa 'yar tsana kitso da zane. Babu mai saye, babu mai aike, sau da yawa ma da faɗa ake raba su da abin. Idan motar ta ƙare, wasan da ake yi da ita bai kai daɗewar da aka yi wajen haɗa ta ba. Ba da jimawa ba za a yar, a shiga wata.

Wuri na biyu shi ne tsakar gida. Daka aiki ne mai gajiyarwa, kuma turmi ba ya buƙatar kiɗa kafin hatsi ya daku. Amma mata biyu ko uku sukan haɗu a turmi ɗaya su yi lugude, taɓarya tana bin taɓarya a kan ƙa'ida, wata ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe ba tare da kiɗan ya karye ba. Mai niƙa a dutse tana waƙa. Mai saƙar faifai tana canza launin kaba domin ta fitar da zane a kan abin da murfin ƙwarya kawai za a yi da shi. Ba miji ne ya sa ba, ba kasuwa ce ta nema ba.

Ko a cikin sana'o'in maza, an ba aiki kiɗansa. Manoma suna da gangar noma, mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa. Jama'ar da ta ɗauki aiki azaba tsantsa ba za ta yi masa taki da kirari ba.

4.0 Sana'o'i Uku

4.1 Rini

Marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, wadda masu ita suke cewa an kafa ta a 1498, ta isa misali. Marini yakan haƙa rami mai zurfi ya shafe cikinsa da laso, watau haɗin katsi da gashin majema da dafara, domin kada ruwa ya tsiyaye. Sa'an nan ya cika shi da ruwa, ya zuba toka da baba da katsi, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana motsa shi da doguwar muciya. Babu ma'aunin da zai gaya masa ruwan ya nuna. Da wari da launin kumfa yake ganewa, abin da ya koya tun yana yaro a gefen mahaifinsa.

Idan ya tsoma farin zane ya ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa. Sai iska ta buge shi, launin ya juya a gaban idonsa. Dalili kuwa shi ne, a cikin ramin baba yana narkewa ne a wata kama, idan ya haɗu da iska sai ya koma shuɗi ya kama zare. Don haka ake ta tsomawa ana ɗagowa, kowace tsomawa tana ƙara duhu. A nan rini ya ƙare, zane ya rinu, ana iya ɗaurawa. Amma ba a tsaya nan ba. Sai a kai wa mabuga, su shimfiɗa shi a kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta bugu har ya riƙa ƙyalli. Garin Kura ya yi suna a kan irin wannan aiki, har ana kiran rawanin da sunansa, ɗan Kura, kuma Buzaye suna sayensa da tsada ko da yake shunin yana zuba a fatarsu. Ƙyallin bai ƙara wa zane kauri ba, bai ƙara masa kwana ba. Kyau kawai ya ƙara masa.

4.2 Ɗinki

Babbar riga aikin hannaye da yawa ce. Mace ta kaɗa auduga da mazari, masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, maɗinki ya harhaɗa, mai zane ya zana, sa'an nan mai aikin allura ya zauna. Aska biyu tana da nata lokaci, aska takwas ta fi ta, malum-malum kuwa takan ci watanni. Da yawa daga masu wannan aiki malamai ne da almajirai, waɗanda sukan ɗauki allura tsakanin karatu da karatu. Suna da yawa a Kano har wata unguwa ta ci sunan Soron Ɗinki.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, fasalin zanen sananne ne, an gaje shi. Kowa ya san inda aska take zama da inda tambari yake zama. Amma masana riga sukan ɗaga aiki su duba bayansa, su ga ko zare ya kwanta daidai a inda mai saye ba zai taɓa dubawa ba. Maɗinkin da ya gyara bayan aiki kamar gabansa ba don kasuwa ya yi ba. Ya yi ne domin idonsa ba zai yarda ya bar shi a karkace ba.

4.3 Gini

A gini ne wannan hali ya fi fitowa fili, domin aikin magini yana tsaye kowa yana gani. Kayan aikinsa ƙasa ce da ruwa da ciyawa da azara. Azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, saboda haka magina suka ƙago bakan gizo: a dasa azara a cikin bango, a riƙa ɗaura wata a kan wata tana ɗan rusunawa, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Da wannan dabara aka sami ɗakuna masu faɗi da tulluwa a bisansu.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ya tsayar da ginshiƙai, ya ɗaura bakuna suna ratsa juna, sa'an nan ya bi jikinsu da zane mai tudu da kwari. Sahu zai tsaya ko babu wannan zane, salla kuma za ta inganta. Ana ba da labari a baka cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Larabawa ma suna da irin wannan labari a kan wani magini mai suna Sinimmar. Abin da labarin yake nunawa shi ne yadda jama'a suka fahimci gwani: mutum ne wanda muddin yana da rai sai ya yi abin da ya fi na jiya.

Misali na kusa shi ne na Falke Barmu, manomi kuma magini a ƙauyen Yama cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A 1962 mutanen garin suka sa shi ya gina musu masallacin Juma'a, kowa ya kawo gudummawarsa, wani tubali, wani ruwa, wani itace. Ginin farko bai da wani ado. Da aka tashi gyara shi a 1975, maimakon ya yi yaɓe ya tafi, sai ya sake rufin da bakuna da tulluwa, ya shiga tayar da hasumiya a kusurwoyi huɗu, kowace da kamarta dabam, bai gama ba sai 1982. A 1986 aka ba wannan masallaci lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini. Bai yi don lambar ba, domin ya gama aikinsa kafin ta zo.

5.0 Shin Wannan Ita Ce Manufar Rayuwa?

A nan wajibi ne a yi hattara. Bahaushe Musulmi ba zai ce don ƙira aka halicce shi ba, domin malamai sun karantar da shi cewa bauta ita ce dalilin halittarsa. Harshensa ma ya kiyaye wannan iyaka: mutum yana ƙerawa, yana ƙagawa, yana tsarawa, amma halitta ta Allah ce shi kaɗai. Sai dai bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Neman halal da kyautata aiki duk suna cikin abin da ake fatan lada a kansa. Yakan kuma tuna cewa Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi, Annabi Dawuda ya ƙera sulke, Annabi Zakariya kuwa masassaƙi ne, tsira da aminci su tabbata a gare su. Saboda haka abin da ya fi daidai a faɗa shi ne, a wurin Bahaushe daɗin yi wata ni'ima ce da aka dasa a cikin mutum, kuma ta hanyarta yake sauke wani sashe na abin da ya kawo shi duniya.

Baƙi ma sun lura da alaƙar aiki da jin daɗi a ƙasar Hausa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ga tufafinta suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu, ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, ana yin wannan aiki a cikin gidaje, iyali suna tare, saɓanin manyan masana'antun Turai inda ya ce ana ƙasƙantar da ɗan Adam. A Ingila kuma William Morris, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1896, ya shafe rayuwarsa yana jayayya cewa fasaha alama ce ta daɗin da mutum yake ji a cikin aikinsa, kuma inji ya raba ma'aikaci da wannan daɗi.

Amma bai kamata a yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita ba. Wani sashe na audugar da babar da suka ɗaukaka Kano, bayi ne suka noma su a rinji, ba su kuwa ɗanɗana daɗin rigar ba. Yawancin sana'o'i gado ne, ɗan maƙeri maƙeri ne ko yana so ko ba ya so. Wasu sana'o'in kuma, kamar jima da fawa, an raina masu su har ana ƙyamar haɗa aure da su, alhali jar fatar akuyar Sakkwato da majema suka jeme da bagaruwa ita ce ta ƙetare Sahara ta yi suna a Turai da sunan Maroko. Daɗin yi yana tabbata ne ga wanda ya mallaki hannunsa, aka kuma san darajarsa.

6.0 Halin da Ake Ciki

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kayan waje suka fara rinjayar na gida. Kwano da roba suka ture ƙwarya da tukunya, siminti da kwanon rufi suka ture tubali da azara. An buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna a 1957, dubban mutane suka sami aiki a irin waɗannan masaƙu, amma kowa da ɗan guntun aikinsa a gaban inji, babu wanda zai ɗaga atamfa ya ce tasa ce. Daga baya su ma masaƙun suka durƙushe, kasuwa ta koma hannun yadin da ake shigowa da shi. Ramuka da yawa a marinai sun bushe.

Hasarar da aka saba lissafawa ita ce ta kuɗi da ayyukan yi. Akwai wata wadda ba ta shiga lissafi, watau yawaitar mutanen da za su wayi gari su kai dare ba tare da wani abu ya fito daga hannunsu ba, kome nasu saye ne. Ilmin boko ma ya taimaka wajen wannan, domin ya koya wa yaro cewa ci gaba shi ne ya bar maƙerar ubansa ya nemi kujera a ofis.

Duk da haka halin bai mutu ba, wuri ya sauya. A kasuwar Panteka ta Kaduna ana narka tsohon ƙarfe a fitar da tukwane da injuna da kayan gyara. Masu ɗinkin hula suna ƙago sababbin zane-zane. Tun daga shekarun 1980 matasa maza da mata suka shiga rubuta littattafan Hausa suna bugawa da kuɗinsu, da yawansu ba su mayar da abin da suka kashe ba, ba su kuma daina ba. Yaron da ya haɗa motar kara shi ne ya girma, kayan aiki kawai ya canza.

7.0 Kammalawa

An ga cewa harshen Hausa ya ɗauki rashin yi a matsayin mutuwar zuciya, kuma yara da mata suna ƙawata abin da babu mai biyansu a kansa. An ga marini da maɗinki da magini kowannensu yana wuce iyakar buƙata, ya ci gaba da aiki har sai ransa ya kwanta. Wannan ƙari shi ne hujjar cewa Bahaushe ba don ciki kaɗai yake sana'a ba.

Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa a wannan fage. Jerin sunayen kayan aiki yana da amfani, amma bai isa ba. Ya kamata mai nazari ya zauna da tsofaffin gwanaye tun suna raye, ya tambaye su yadda suke gane aiki ya yi, da kalmomin da suke yabon aiki ko kushe shi da su, da aikin da suka fi alfahari da shi da dalilin haka. A cikin waɗannan amsoshi ne ma'aunin kyau na Bahaushe yake, kuma ba a rubuce yake ba. Mafi kyau ma, mai nazarin ya karɓi allurar ko muciyar ya gwada da hannunsa, domin gani ya kori ji.